Maƙalar Mako: "Me Ya Jawo?" Daban, "Don Me?" Daban

 

Yau da faɗa muka zo, kuma da kanmu za mu yi shi. Duk wanda ya daɗe yana bin gajerun labarai da maƙalun da muke kawowa wannan zaure zai lura cewa muna da makullai biyu rataye a wuya, kowace ƙofa muka tarar sai mu zura mata su: talauci da jahilci. Yarinya ta ɗauki talla, mu ce talauci. Uba ya kai ɗansa almajirci wani gari, mu ce jahilci. Aure ya mutu bayan wata bakwai, mu haɗa biyun mu zuba masa. In muna son a san mun shiga aji sai mu ƙara da "rashin wayar da kai". Daga nan mu rufe labari da nasiha, mu koma gefe muna jiran a ce Allah ya ƙara basira.

Ba mu ce babu talauci ba, kowa yana jin sa a aljihunsa. Amma makullan nan namu sun zama kamar maganin masu lasifika a bakin kasuwa, wanda shi ne na basir, shi ne na shawara, shi ne na ciwon baya. Ga maƙwabta biyu a lungu ɗaya, samunsu ɗaya, babu wanda ya taɓa zama a kan bencin makarantar boko. Ɗaya 'yarsa tana talla, ɗayan ya ce ko zai kwana da yunwa tasa ba za ta fita ba. Talaucin ɗaya ne, jahilcin da muke faɗa ma ɗaya ne. To ina bambancin ya fito? A daidai nan labari yake, kuma a daidai nan muke ajiye alƙalami.

Matsalarmu ita ce muna cakuɗa tambayoyi biyu. A hirar yau da kullum babu laifi a cakuɗa su, amma ga mai rubutu a kan mutane kuskure ne babba. Ta farko ita ce "me ya jawo?" Wannan tana neman sababi, wato abin da ya gabata ya tura wani abu ya faru. Ta biyu ita ce "don me?" Ita kuma tana neman nufi, wato abin da mai aikin yake so, da abin da aikin yake nufi a wurinsa da wurin mutanensa. Idan tulu ya fashe, tambayar farko kaɗai ke aiki, don tulu ba shi da niyya. Idan mace ta ɗaga tulu ta buga da ƙasa a tsakar gida gaban kishiyarta, wanda ya ce mana ƙasa ta fi yumɓu tauri bai gaya mana komai ba.

Alƙalanmu sun san wannan tun da daɗewa. A kawo gawa uku gaban likita, rahotonsa zai iya zama iri ɗaya: ƙarfe ya shiga ƙirji, jini ya zuba, zuciya ta tsaya. Amma alƙali ba zai yanke hukunci da wannan takardar kaɗai ba, sai ya san ko ganganci ne, ko kuskure, ko kare kai, domin hukuncin kowanne daban. Motsin hannu ɗaya ne, aikin kuwa uku ne. Likita ya yi bayanin sababi, alƙali yana neman fahimtar aiki, kuma babu wanda zai iya ɗauke wa ɗan uwansa nauyinsa.

Wannan rigima ba a zaurenmu ta fara ba. Masana a Turai sun fi shekara 150 suna yin ta, kuma a kanta aka gina ilimin tarihi na zamani da ilimin zamantakewa da nazarin al'adu. Yana da kyau mu san yadda ta gudana, don kada mu riƙa faɗawa ramin da wasu suka riga suka kafa wa alama.

A ƙarni na 19 kimiyya ta burge Turawa matuƙa. Sun ga ana lissafa tafiyar taurari, a faɗi ranar husufi, kuma ya auku. Sai wasu suka ce me zai hana a yi wa ɗan Adam haka? Auguste Comte na Faransa, wanda ya raɗa wa ilimin zamantakewa sunan da ake kiransa da shi a Turai tun shekarun 1830, ya so a gano dokokin al'umma kamar yadda aka gano dokokin faɗuwar dutse. A Ingila, Henry Thomas Buckle ya fitar da littafinsa na tarihin wayewa a 1857, inda ya nuna cewa yawan kisan kai a ƙasa kusan ɗaya yake fitowa shekara bayan shekara, har ya ce yawan aure a Ingila yana bin farashin hatsi. A ganinsa, abin da kowane ango yake ji a zuciyarsa bai dami mai tarihi ba, kasuwar hatsi ce ke ɗaura aure.

Daga Jamus aka mayar da martani. Masanin tarihi Johann Gustav Droysen ya yi wa Buckle raddi, sannan Wilhelm Dilthey ya fitar da littafinsa a 1883 yana kafa hujjar cewa ilimomin da suka shafi ɗan Adam suna da tasu hanyar. Abin da yake cewa a taƙaice: duwatsu da taurari daga waje muke kallon su, iyakarmu mu gano abin da ke jawo abin. Amma mutum, da wasiƙarsa da dokarsa da waƙarsa, muna iya gane shi ta ciki, saboda mu ma mun san tsoro da buri da kunya. Wanda ya ƙi amfani da wannan sanin don a ce masa ɗan kimiyya, ya rufe idonsa ɗaya da hannunsa ne.

Rigimar ba ta mutu ba. A 1942 Carl Hempel, Bajamushe da ya koma Amurka, ya rubuta maƙalar da ta sake hura wutar. Ya kawo misalin lagireton mota da ya fashe a daren sanyi: an cika shi da ruwa, an toshe bakinsa, sanyi ya kai ruwan ya daskare, ruwa kuwa in ya daskare kumbura yake yi, sai ƙarfe ya tsage. Ga sharuɗɗa, ga doka, ga sakamako. Ya ce duk bayanin da ya isa a kira shi bayani, ko a tarihi ne, haka siffarsa take, kuma shiga zuciyar mutanen da wata dabara ce kawai ta samo hasashe, ba hujja ba ce. R. G. Collingwood na Jami'ar Oxford, wanda littafinsa kan tarihi ya fito a 1946 bayan rasuwarsa, yana ɗaya ɓangaren. Ya ce kowane aikin ɗan Adam yana da waje yana da ciki. Jinin Kaisar da ya zuba a majalisar Rum shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) shi ne wajen. Cikin shi ne abin da masu wuƙaƙen suke ganin suna karewa, wato tsarin mulkin da suke tsoron mutum ɗaya zai haɗiye. Mai tarihin da bai sake tunanin nan a kansa ba, lissafin gawa kawai ya yi.

Misalin da ya fi dacewa da mu, daga ƙasar Azande ya fito, mutanen da ke zaune a inda Sudan ta Kudu da Kwango da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya suka haɗu. Wani Bature mai nazarin al'adu, E. E. Evans-Pritchard, ya zauna da su a ƙarshen shekarun 1920, ya fitar da littafi a kan imaninsu da maita a 1937. Rumbunansu a kan dirkoki suke, kuma da rana in zafi ya yi mutane kan zauna a inuwar ƙarƙashinsu. Wani lokaci gara ta cinye dirkokin, rumbu ya rufto ya danne na ƙasa. Azande sai su ce maita ce.

Da ɗayanmu aka ba wannan labari ya rubuta, mun san yadda zai ƙare: wani ɗan boko zai zo daga birni ya tara jama'a ya yi musu bayanin gara, su yi nadama, a tashi. Amma abin da Evans-Pritchard ya gano shi ne Azande sun fi shi sanin gara. Sun san ita ta ci itacen, sun san zafi ne ya kai mutanen inuwa. Tambayarsu daban ce: don me rumbun ya faɗo a daidai lokacin da wane da wane suke zaune, bai faɗo jiya ba, bai jira sun tashi ba? Bayanin gara ba ya amsa wannan, iyakarsa ya ce abu biyu ne suka yi karo. Maita a wurinsu amsa ce ga wannan tambaya ta biyu, kuma tana gaya musu abin da za su yi: a binciki wa ke riƙe da wa a zuciya. A 1964 masanin falsafa Peter Winch ya ƙara da cewa shi kansa Evans-Pritchard bai gama adalci ba, tunda har yanzu yana auna maitar Azande da mudun kimiyya, kamar dai wata kimiyya ce da ta gaza.

Ba sai mun bi Winch har ƙarshen hanyarsa ba. Mun san ɓarnar da zargin maita yake yi, mun san tsofaffin da aka wulaƙanta a kansa, kuma ba mu goyon bayansa. Amma marubucin da yake son ya yaƙi wannan zargi dole ya san tambayar da zargin yake amsawa. In bai sani ba, zai ɓata shafi arba'in yana koya wa mutane gara, su kuwa suna kallon sa suna cewa yaron nan bai san inda aka dosa ba. Yawancin labaranmu na faɗakarwa a nan suke mutuwa. Muna amsa tambayar da babu wanda ya yi.

Clifford Geertz, a littafinsa na 1973, ya aro wani misali daga Gilbert Ryle wanda kowannenmu zai gane. Yara biyu, kowanne fatar idonsa ta dama ta motsa. Ɗaya idonsa ne ke rawa, ɗayan kashe wa abokinsa ido ya yi. A hoto ba za a bambance su ba. Bambancin yana cikin wata yarjejeniya da jama'a suka sani, cewa kashe ido saƙo ne. Mu kawo shi gida. Baƙo ya shigo gidan Bahaushe da takarda da biro yana ƙirga sau nawa uwa ta kira sunan ɗanta, sau nawa ta yi masa wasa a gaban mutane. Zai rubuta cewa uwar nan ba ta ƙaunar ɗanta na fari. Ƙirgensa daidai ne, hukuncinsa ƙarya ne, domin bai san kunyar ɗan fari ba. Abin da ya gani a matsayin rashin so, a gidan nan shi ne alamar tarbiyya. Haka kukan amarya ranar kai ta, haka shirun budurwa in an tambaye ta, haka "sai na yi shawara" a bakin dattijo. Wanda bai san ma'anar ba, ko abin da zai ƙirga ma bai sani ba.

A ƙasar Zazzau an taɓa yin gwajin hanyoyin nan biyu a gida ɗaya. M. G. Smith da matarsa Mary Smith sun yi bincike a can a 1949 da 1950. Mijin ya fitar da Government in Zazzau a 1960, inda ya bi sarautu da gidajen sarauta daga 1800 zuwa 1950, har ya yi ƙoƙarin fitar da dokokin da sauyin mulki yake bi. Matar kuwa ta zauna da wata tsohuwa, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo. Littafin mijin yana da amfani, babu mai nazarin sarautar Zazzau da zai tsallake shi. Amma wanda yake son ya san yadda harin bayi yake a idon yarinyar ƙauye, ko yadda ƙawance yake ɗaure mata, ko abin da mace take aunawa kafin ta bar gidan miji, wurin Baba zai je. Aure huɗu ta yi a rayuwarta. A jadawalin mai ƙididdiga, lamba ce a ƙarƙashin "yawan aure-aure". A bakinta kuwa kowane aure da dalilinsa, na fari na zumunci ne da ta yi don manya, na bayansa da nasa lissafin. Daga baya marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya soki M. G. Smith da ire-irensa a kan yadda suke zuba tarihinmu cikin buhu biyu, Haɓe da Fulani, alhali mutanen da ake magana a kansu suna da wasu hanyoyin sanin kansu, ta gari da sana'a da zuri'a da malanta. Buhunan nan biyu da makullanmu biyu 'yan gida ɗaya ne.

To, kafin wasu su fara tafi, faɗan namu yana da kashi na biyu. Akwai wasu a cikinmu da in an ƙure su a muhawara sai su ce "ai kowa da fahimtarsa". Sun ji an ce mutum ba dutse ba ne, sai suka ɗauka an ba su lasisin faɗin duk abin da ya zo musu. Wannan lalaci ne ya sa rigar falsafa, kuma ya fi na farko haɗari, don shi ba ya karɓar gyara.

Abu na farko, akwai abin da shiga zuciya ba zai taɓa nuna mana ba. A 1897 Emile Durkheim ya tattara alƙaluman masu kashe kansu a ƙasashen Turai, ya ga abin ya fi yawa a cikin 'yan Furotesta fiye da 'yan Katolika, ya fi yawa a cikin gwagware fiye da magidanta. Ya danganta hakan da ƙarfin igiyar da ke ɗaure mutum da jama'arsa. An yi ta gardama a kan alƙaluman nasa, amma darasin ya tsaya: babu ɗaya daga cikin mamatan da zai iya ba da wannan labari, domin daga sama kaɗai ake hango shi. Buckle ma ba shirme zalla ya yi ba. Mu da muke ganin yadda bukukuwa suke yawaita bayan kaka, in amfani ya yi kyau, mun san hatsi yana da baki a maganar aure. Magidanci zai ce mana ya ƙara aure ne don raya sunna, kuma da gaske yake har zuciyarsa. Marubucin kirki zai rubuta wannan, ya kuma rubuta cewa a shekarar ne aka ƙara masa albashi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma mai waƙa ba ya ganin ƙeyarsa.

Abu na biyu, labari yana iya shiga rai ya zauna daram, kuma ya zama ƙarya. Ibn Khaldun ya rubuta Muƙaddima a 1377 a wata ganuwa da ke ƙasar Aljeriya ta yau, kuma da sukar masu tarihi ya buɗe ta. Ya kawo abin da Mas'udi da wasu suka ruwaito cewa mayaƙan Banu Isra'ila a zamanin Annabi Musa (AS) sun kai 600,000. Bai tsaya kan wa ya faɗa ba. Ya tambaya: wane fili ne zai ɗauki wannan runduna a jere, wace ƙasa ce za ta ciyar da ita, kuma kakanni nawa ne tsakaninsu da Annabi Yaƙub (AS) da har za su yaɗu haka? Ya auna ruwaya da yadda duniya take tafiya. Wannan aikin "me ya jawo?" ne, kuma in babu shi mai fassara zai yi ta fassara abin da bai taɓa faruwa ba.

Abu na uku, fassara tana da ƙa'ida, kuma wata ta fi wata. Friedrich Schleiermacher, wanda ya rasu a 1834, ya tsara abin da masu nazarin nassi suka daɗe suna yi: ana gane jimla ta hanyar littafin duka, ana gane littafin ta hanyar jimlolinsa, a yi ta kai da komo har su daidaita. Mu da muka tashi muna sauraron tafsiri a watan azumi ba baƙi ba ne a nan. Babu malamin kirki da zai yarda a ciro aya a fassara ta ba tare da duba abin da ke gabanta da bayanta da harshen da ta sauka da shi da sababin saukarta ba, kuma babu wanda zai karɓi "kowa da fahimtarsa" daga bakin ɗalibi. Haka aikin mutum yake. In muka ce matar nan ta fasa tulu don kishi, sai mu duba: ya dace da abin da ta yi jiya da abin da ta yi washegari? Matan gidan haka suka ɗauke shi? Akwai wata fassarar da ta fi wannan ɗaukar duk abin da muka sani? In akwai, tamu ta faɗi.

Max Weber, wanda ya rasu a 1920, shi ya fi kowa ƙoƙarin haɗa hanyoyin biyu, kuma a wurinsa muka tsaya. Ya kawo misalin mai faskare. Da ganin sa mun san itace yake faskarawa. Amma ko ƙwadago yake yi a biya shi, ko na girkin gidansa ne, ko motsa jiki yake yi, ko haushi aka ba shi yake hucewa a kan gungume, wannan sai mun san halin da yake ciki. Weber ya ce bayani a kan mutane sai ya ci jarrabawa biyu. Dole ya yi ma'ana, wato mu ga yadda mai hankali a wannan matsayi zai yi haka. Dole kuma a duba a ga cewa lallai haka abin yake faruwa, ba a kanmu kaɗai ya yi daɗi ba. Alƙaluman da ba su da ma'ana ba su fahimtar da kowa, ma'anar da ba a gwada ta ba kuwa hasashe ce. Talauci yana cikin labarin 'yar talla, amma sai ya bi ta cikin lissafin uwarta kafin ya zama faranti a ka: kayan ɗaki da za a tara, gorin dangin miji da ake tsoro, adashin da za a zuba ranar Juma'a, da ganin cewa yarinyar da ba ta fita ba wa zai gan ta ya aura. Maƙwabciyarta mai irin talaucinta ta yi nata lissafin ya fita daban. Aikinmu shi ne lissafin nan, ko da a ƙarshe za mu ce bai yi daidai ba.

Wani zai ce, mu ai Hausawa ne, a kan mutanenmu muke rubutu, wannan gargaɗi na baƙi ne. A nan muka fi yaudarar kanmu. Hans-Georg Gadamer ya nuna a littafinsa na 1960 cewa babu mai zuwa wurin nassi da kai fanko, kowa da guzurin zatonsa yake zuwa, kuma maganin abin shi ne mutum ya bar nassin ya ƙaryata shi. Yawancinmu 'yan birni ne, 'yan boko, masu waya a hannu. Tsakaninmu da mahaifin almajirin da muke rubutawa akwai tafiya mai nisa, ko da harshenmu ɗaya. Baƙon da ya zo daga Ingila ya san shi baƙo ne, shi ya sa yake zama ya yi tambaya. Mu kuwa mun ɗauka mun riga mun sani, sai mu zauna a ɗaki mu ƙirƙiro uban da bai damu da ɗansa ba. Mu nawa ne muka taɓa zama da irin wannan uba muka ji abin da yake fata ɗansa ya zama, da abin da yake tsoro in ya bar shi a gida? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa daga titi muke hango rufin.

Kuma mu tuna, an taɓa yi mana abin da muke yi wa mutane. Lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwa a shekarun 1980 da 1990, zamanin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, an yi ta cewa su ne suke lalata tarbiyya, su ne suke kashe aure. An mayar da marubuci gara, an mayar da mai karatu rumbu. Kaɗan ne suka tsaya suka tambayi matan da ke karantawa a cikin ɗaki abin da suke samu a ciki, da dalilin da ya sa labarin auren dole yake taɓa su haka. Mun ji zafin wannan hukunci, mun ce ba a yi mana adalci ba. Bai kamata mu juya mu yi wa 'yar talla da bazawara irinsa ba.

Akwai kuma wani bambanci tsakanin mutum da rumbu da ya sa abin ya wuce maganar gwaninta. Rumbu ba ya karanta abin da aka rubuta a kansa. Mutum yana karantawa, ko a karanta masa a rediyo, kuma abin yana shiga cikin yadda yake ganin kansa da yadda ake ganin sa. In muka shekara ashirin muna rubuta bazawara a matsayin matsala, almajiri a matsayin abin tsoro, ɗan ƙauye a matsayin wanda bai san ciwon kansa ba, masu karatu za su fara mu'amala da su a haka, wasunsu ma su fara ɗaukar kansu a haka. Masu tsara manufofi su ma daga irin wannan hoto suke ɗaukar haske, su kawo maganin gara inda ake tambayar wani abu daban, in bai yi aiki ba a sake cewa jahilci ne.

Saboda haka ga abin da muke roƙon junanmu. Kafin mu rubuta wani ya aikata abu, mu iya faɗin dalilinsa da kalmomin da shi kansa zai ji ya ce, ƙwarai haka nake nufi. In ba za mu iya ba, ba mu shirya ba, mu tashi mu je mu yi tambaya. Bayan nan mu nemi abin da shi ba ya gani, farashi ne, fari ne, doka ce, mu sa shi a labarin ba tare da mun ƙwace masa hankalinsa ba. Sannan mu ba fassararmu wanda zai iya ƙaryata ta, musamman wanda ya fito daga cikin mutanen da muka rubuta. Fahimtar mutum ba ta hana a ce ya yi kuskure. Alƙali ma sai ya gane niyya yake yanke hukunci, kuma hukuncinsa ya fi karɓuwa saboda haka.

Aikin wannan mako: gajeren labari da bai wuce kalma 700 ba, a kan uwar da ta ɗora wa 'yarta talla, ko uban da ya kai ɗansa almajirci. Sharaɗi ɗaya ne, kada kalmar talauci ko jahilci ta fito ko sau ɗaya, kuma kada wani ɗan boko ya shigo a shafin ƙarshe ya yi wa'azi. Wanda yake da ja a kan abin da muka faɗa, fili a buɗe yake, ya zo da hujjarsa, amma ban da "kowa da fahimtarsa".

Allah ya yi mana jagora, ya sa alƙalumanmu su zama masu adalci. Sai mako mai zuwa in mai duka ya kai mu.